Sunan da Ke Cikin Turmin Mairama

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na su Mairama a Jega Firchin, kuma maginin da ya yi ta, Allah Ya jiƙansa, gajere ne. Inda hannunsa ya kai, nan ya tsaya. Saboda haka kada wani ya ce leƙe nake yi. In na miƙe tsaye kawai, labarin gidansu ne ke tasowa ya same ni.

Mairama 'yar Andarai ce, can ƙasar Maiyama. Ita ce 'yar fari a ɗakinsu, don haka ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Uwar da ta haife ta ba ta taɓa buɗe baki ta ce "Mairama" ba. Da tana ƙarama "waccan" ce. Da aka kawo ta aure sai ta samu ƙarin girma, ta zama "waccan ta Jega". Mairama ba ta taɓa jin haushin haka ba, alfahari ma take yi. A wurinta, macen da ta san kanta akwai sunaye uku da ba ta kamawa: na miji, na uban miji, da na ɗan fari. Ta taɓa gaya mini cewa a gidansu ko akuya ce ta haihu, sai ta ɗan kau da kai daga na farkon.

Mijinta Maccido direba ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero. In zai dawo gida yakan zo mata da lawashi, ganyen da manoma suka yanke, ita kuma ta daka, ta dunƙula, ta shanya ya zama gabu, masu miya su zo su saya. Gabunta ya yi suna har Sabon Gari. Ƙamshinsa kuwa ya yi suna har cikin akwatin kayan sawata.

Da ta haihu, namiji, sai aka mayar da sunan mahaifin Maccido wanda ya rasu bara waccan: Abdulwahab. To kun ga biyu daga cikin sunayen nan uku sun haɗu a kan jariri guda. An faɗi sunan da ƙarfi sau ɗaya ran suna, aka shafa fatiha, daga nan aka naɗe shi aka adana. Uban yana ce masa Baba. Inno, uwar Maccido da ke zaune tare da su, tana ce masa Angona, tunda sunan mijinta ne. Gwaggonninsa su ce Mai-sunan-Malam, mu maƙwabta mu ce Magaji. Mairama kuwa "kai" in yana kusa, "wancan" in yana nesa. Ita kanta ba ta yarda an kira ta maman kowa ba sai da ta haifi ta biyu, Husna, bayan shekara uku da wani abu.

Tun yaron yana shekara biyu na fara mamakinsa. Ka kira shi da duk sunayen nan a jere, bai ɗaga kai ba, amma a tayar da injin niƙa can bakin layi, tuni ya toshe kunne da hannu biyu. Yakan zauna gaban randa yana kallon ɗigon ruwa yana dariya shi kaɗai. Ba ya magana. Ba ya cin komai sai gayan tuwon shinkafa, in miya ta shafi gefen kwano kuwa an gama cin abincin ranar. Amma bari uwar ta fara dunƙula gabu. Zai zo ya tsuguna ya riƙa jerawa a kan tabarma, manya gaba, ƙanana baya, layi miƙe sar, irin wanda liman ke roƙon jama'a su yi ran Idi ba ya samu. In kaza ta ture guda ɗaya, kuka har la'asar.

Lokacin yaye an kai shi Andarai wurin kakarsa, bisa al'ada. Kwana biyu ya yi bai sa komai a baki ba, Maccido ya koma ya ɗauko shi. Ke nan yaro ya zauna a hannun mace ɗaya tilo da al'ada ta hana ta nuna ta damu da shi.

A nan matsalar Mairama take, kuma na daɗe ban gane ba. Kowace uwa in ta gaji takan samu wata ta ce mata wane ya hana ni barci, wane ya ƙi ci, a ba ta shawara ko a ba ta haƙuri. Ita ba ta da wannan ƙofar. Ta daina zuwa biki da suna saboda lasifika. Ta daina zuwa Andarai. Ƙasusuwan wuyanta suka fito. Wata rana da hantsi na miƙe tsaye na ce, "Maman Husna, na ga kin rame."

"Zahi na, Yaya."

"Yaron nan fa, yana barci kuwa?"

Ta dubi cikin turmi. "Husna tana barci lahiya lau."

An yi hayaƙi, an yi rubutu, an yi tofi. Har Aliero Maccido ya kai shi wurin wani tsoho mai ɗori, wai tunda can ake gyara abin da ya goce. Tsohon ya shafa yaro daga wuya zuwa yatsun ƙafa, ya ce, "Malam, ni abin da yak karye nika ɗorawa. Wanga babu abin da yak karye mishi. Kai shi asibiti."

Aka tafi Birnin Kebbi. Inno ce mai magana, don ba a tsammanin uwa ta yi bayanin ɗan fari. Mairama aka tafi da ita a matsayin mai riƙon jaka, ni kuma don na san inda ake yankar kati. Sai da muka je sau uku kafin likita ya faɗi sunan abin, otizim, ya haɗa mu da wata ma'aikaciya mai suna Bushra wadda ke zama da iyaye. Zaman farko da ita ba zan manta ba.

"Yana cin kowane irin abinci?" in ji Bushra.

"Komi da komi," in ji Inno. "Angona ba shi da zaɓe."

Mairama ta sunkuya ta dubi Husna, 'yar wata goma, da ke kan cinyarta. "Husna," ta ce a hankali, "ke dai kin san wani ba shi cin komi sai gayan tuwo."

"Barci fa?"

"Kamar an jihe dutse rijiya," in ji Inno.

"Husna, ke kin san wa ka tashe ki kullum tun kahin kiran salla."

Bushra ta ajiye biro. Ta dubi tsohuwa, ta dubi uwa, sannan ta gyara kujera ta fuskanci jaririya sosai. "To Malama Husna, tunda ke ce babba a ɗakin nan, tambayar mini Mamanki: in ta kira sunansa, yana waiwayowa?"

Husna tana tsotsar yatsa.

"Wane suna?" in ji Inno.

"Na yanka, Inna."

"Subhanallahi! Ke ɗiyag ga, ba gida kinka tashi ba?"

"A gida na tashi, Inna, a Maiyama ma. Ni ma 'yar fari ce. Har yau uwata 'mai allura' take ce mini."

Inno ta ɗan sauko, har ta tambayi gidansu. Daga nan Bushra ta yi bayani dalla-dalla, tana kallon Husna amma kowa ya san da wa take. Ta ce ba iska ba ce, ba baki ba ne, kuma rashin kiran suna bai jawo komai ba. Yara masu irin wannan halitta suna nan ko a gidajen da ake kiran suna tun safe har dare. Haka Allah Ya yi shi, kuma zai koyi abubuwa da yawa ta hanyarsa. Sai dai a taimaka masa: magana gajera, abu ɗaya a lokaci ɗaya, da suna guda ɗaya maimakon biyar.

"A bar Magaji," in ji Inno da sauri.

Na ce layinmu Magaji huɗu ne, har da mai gyaran babur. Bushra kuma ta riga ta ji cewa sau biyu yaron yana sulalewa ya bi kurar mai ruwa don kallon ɗigo, har sai an tsinto shi kusa da titi. Ta ce sunan da ya kamata ya sani shi ne wanda ke jikin kati, wanda za a rubuta a makaranta, wanda baƙo zai tambaya. Kuma wadda ta fi yini da shi ita za ta fi faɗa.

Da za mu fita sai ta riƙe hannun Mairama. "Wancan maganin na yaro ne, na biyu kuma naki ne. Kina bukatar wadda za ki gaya wa kin gaji. Husna ta yi ƙoƙari, amma ba ta da amsa."

Bayan kwana biyu na ji daka ya canza a gidansu. Wadda ta shekara tara tana jin turmi ɗaya ta san tafiyarsa. Da can dum, dum, dum ne, babu tsayawa. Yanzu sai a yi dum, a ɗan dakata, a sake dum da ƙarfi kamar an ga kunama a ciki. Na miƙe tsaye. Mairama ta sunkuyar da kai har cikin bakin turmi, leɓenta yana motsi. "Ab..." Dum. Ta ɗaga taɓarya. "Abdu..." Dum! Wato gwaji take yi, tana sa taɓarya ta rufe mata asiri. Inno tana ɗaki, yaro yana gefe yana jiran gabu. Sati uku ana haka. Lawashin bana ya daku fiye da na kowace shekara, har masu saye suna yabawa, amma sunan bai wuce rabi ba.

Ana cikin haka Shafa'atu ta zo. Bushra ce ta turo ta. Mutuniyar Aliero ce, mai sayar da irin albasa, doguwa, mai muryar da ba ta bukatar lasifika. 'Yarta Zaituna, mai shekara tara, irin Abdulwahab ce, amma ita ta uku ce a ɗaki, don haka uwar na iya kiran sunanta daga nan a ji a tasha. Ta ce su biyar ne masu yara irin waɗannan, biyu daga Aliero, biyu daga Sabon Gari, ɗaya daga Maiyama. Duk sati biyu suna haɗuwa gidan ɗaya daga cikinsu bayan azahar, da yaransu, ba kiɗa ba guɗa. Dokarsu ɗaya ce: kowace ta faɗi sunan ɗanta, ta faɗi abin da ya fi gajiyar da ita tun haɗuwar baya. In an gama sai a duba wa za ta iya ɗauke wa wata me.

"Ina iya zama in saurara," in ji Mairama.

"Saurare rediyo aka yi ma," in ji Shafa'atu. "Mu ba mu da 'yan kallo. Wadda ba ta hwaɗi nata ba, mi za mu ɗauke mata? Tunda yaronki ba shi son baƙon wuri, Laraba mai zuwa nan za mu taho."

Inno ta ji komai daga ƙofar ɗakinta. Da baƙuwa ta tafi ta ce ita ba ta hana kowa zumunci, amma gidan nan tun da aka kafa shi ba a taɓa jin mace ta kama sunan ɗanta na fari ba, balle sunan mai gidan, kuma a gaban baƙi. Maccido da ya dawo aka kai masa ƙara ta ɓangare biyu. Ya saurari uwarsa, ya saurari matarsa ta bakin Husna, ya tuna cewa akwai lodi a Aliero ran Laraba tun da sassafe.

Larabar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Ni aka ba ni aikin dama kunun zaƙi, wanda ya ba ni izinin tsallako katanga ta ƙofa. Zaituna ta zauna tana kaɗa igiya a gaban idonta. Wani yaro ya shige ƙarƙashin gadon Inno ya ƙi fitowa, uwarsa ta ce a bar shi, can ya fi jin daɗi. Abdulwahab yana can gefe da gabunsa, ko kallo ba mu ishe shi ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu wadda ta ce wa wata "yi haƙuri da shi". Inno ta kafa kujera a ƙofar ɗakinta da faifan shinkafa, tana tsintar tsakuwar da na tabbata ta tsince tun jiya.

Aka fara. Ta Maiyama ta ce ɗanta Murtala ya cire rigarsa a tsakiyar kasuwa, wata mata ta ce mata ba ta iya tarbiyya ba. Shafa'atu ta ce da ita ce da ta miƙa wa matar rigar ta ce bismilla, sa masa. Aka yi dariya, mai labarin ta fi kowa, tana share ido da bakin mayafi. Wata ta ce aski ne ya gagara, wata ta gaya mata yadda take yi da almakashi kaɗan-kaɗan cikin kwana uku. Haka aka zago har kan Mairama.

Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta nemi Husna, Husna tana bayana tana barci. Ta dubi turmi, yana can jingine da bango, babu mai rufe mata asiri. Na ga zufa ta tsattsafo mata a goshi. "Ab..." ta ce, ta dubi wajen Inno, ta sunkuyar da kai. Muka zauna haka har kunu ya fara kwanciya.

"Abdulwahab."

Daga ƙofar ɗaki maganar ta fito. Duk muka juya. Inno ba ta ɗaga kai daga faifai ba.

"Sunanshi ke nan. Ashe ma tsawo gare shi, sai an huta tsakiya." Ta jefar da wata tsakuwa da babu ita. "Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da mai sunan, ban taɓa hwaɗi ba. Da ciwo yai mishi nauyi, ran da yab bar gane mutane, Malam nika cewa, Malam, Malam. Garin ga kowa Malam na. Ina yas san da shi nike?" Ta karkaɗe faifai. "Ni nawa ya wuce. Ke naki ga shi nan zaune. Hwaɗi, ɗiyata, kunun mutane na sanyi."

Mairama ta faɗa. Muryar ba ta fi ta sauro ba, amma ya fito duka, daga farko har ƙarshe. Na waiwaya wajen yaron da sauri, don ni a raina na riga na shirya zai taso da gudu. Ko gezau. Yana gyara gabu na goma sha ɗaya da ya ɗan karkace.

"Saura rabi," in ji Shafa'atu. "Mi yag gajiyar da ke?"

Nan fa aka ɓalle. Wadda ta shekara huɗu da rabi ba ta ce uffan ba, sai da aka yi sallar la'asar aka dawo tana bayani. Tsoron titi. Tuwo sau uku a rana, dabam da na gida. Mutanen da ke cewa ta yi girman kai ta daina zumunci. A ƙarshe ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne rabonta da Andarai shekara uku, kuma an ce mata ƙafar tsohuwarta ta kumbura.

Aka tsara abin a wurin. Tunda yaro ba ya zama ko'ina sai gidansu, ba za a kai shi ko'ina ba. Mutane ne za su zo. Ɗaya daga cikin na Sabon Gari za ta yini ran Asabar, don ta san hannun irinsu. Ni zan tsare ƙofa saboda mai ruwa. Inno za ta yi tuwo ta dunƙula gabu. Sai da ta yi kwana biyu tana koyon jerawa a wurin jikanta, don duk wanda ta ajiye sai ya ɗauke ya sake masa wuri. Ta ce ko mai sunan bai taɓa raina mata aiki haka ba.

Ran Asabar Maccido ya ajiye matarsa a Andarai da safe. Da ya koma ɗaukarta bayan la'asar, ya tarar da surukarsa zaune a ƙofar ɗaki da sanda a hannu tana korar kaji da jikoki. Ashe tun da safe gaisuwar kirki ma ba su gama ba, ita da 'yarta. Mairama ta duba ƙafar, ta sha fura, ta ce bari ta ɗan miƙe, shi ke nan. Tsohuwar ta ɗaga wa Maccido hannu tun daga nesa. "Rage murya. Waccan ta Jega na barci."

Yanzu wata bakwai ke nan. Abdulwahab bai fara magana ba tukuna, amma yakan kamo hannun uwarsa ya kai kan abin da yake so, kuma in ta kira shi sau biyar yakan ɗago sau ɗaya, wani lokaci sau biyu, in ba a tsakiyar layi yake ba. Matan Laraba sun zama bakwai. Dakan gidan ya koma yadda na san shi, dum, dum, dum, babu tsayawa, har wasu masu saye sun fara cewa gabun bai kai na kwanakin baya laushi ba.

Sunan kuwa ina jin sa ta kan katanga ya fi sau ashirin a yini. Kuma duk lokacin da Mairama ta ɗaga murya ta kira, in na miƙe tsaye, sai in ga Inno ta kai hannu da sauri ta gyara ɗankwalinta.